Shinkafar da ke Taya Manomi Noma: Tarihin Jar Shinkafar Afirka da Gwagwarmayarta da Ciyawa

A harshenmu na Hausa, kalmar da muke kiran sana'ar gona baki ɗaya da ita, ita ce kuma muke kiran cire ciyawa da ita: noma. Idan aka ce wane ya yi shuka amma bai yi noma ba, kowa ya gane cewa bai bi yabanyarsa da fartanya ba. Akwai noman firi, akwai maimai. Magabatan da suka raɗa wa aikin wannan suna sun san inda wahalar take. Shuka ta 'yan kwanaki ce, girbi ma haka, amma ciyawa ita ce ke riƙe manomi a duƙe tsawon damina.

Babu amfanin gonar da wannan magana ta fi dacewa da shi irin shinkafa. Mu mazauna zanguna, daga Nima ta Ankara zuwa Kumasi da Tamale, mun fi sanin shinkafa a tukunya. Daga kalmarmu ta wake ne sunan waakye ya fito, abincin da Gana duka ta karɓa. Sai dai kaso mai yawa na shinkafar da muke aunawa a kasuwa daga Biyetnam da Tailan da Indiya take zuwa, har wasu yaranmu suna ɗauka cewa shinkafa baƙuwa ce a wannan nahiya. Alhali Afirka ta Yamma tana da tata shinkafar, wadda manomanta suka fitar daga daji da hannunsu, kuma babbar baiwarta ita ce danne ciyawa. Yadda aka same ta, da yadda aka juya mata baya, da yadda masana suka dawo neman wannan baiwa, tarihi ne da ya kamata mu sani.

ASALINTA

A duk duniya jinsin shinkafa biyu ne kawai ɗan Adam ke nomawa. Na farko shi ne na Asiya, wanda masana ke kira Oryza sativa, aka fara noma shi a kwarin kogin Yangtze na ƙasar Sin. Na biyu shi ne na Afirka, Oryza glaberrima. Wani Bajamushe masanin tsirrai mai suna Steudel ne ya ba shi wannan suna, saboda santsin ɓawonsa. Kakarsa wata shinkafar daji ce da har yau take tsirowa a tafkuna da fadamun yankin Sahel, masana suna kiranta Oryza barthii.

A tsakiyar ƙarni na 20, wani Bafaranshe masani, Roland Portères, ya kawo ra'ayin cewa an fara noman wannan shinkafa kimanin shekara 3,000 da suka wuce, a babbar fadamar kogin Kwara da ke tsakiyar Mali, tsakanin Jenne da Tumbutu, daga nan ta bazu zuwa Senegal da Gambiya da tsaunukan Gini. Haƙar da aka fara a 1977 a kufan Jenne-jeno, garin da aka kafa wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa, ta fito da ragowar ɓuntun shinkafar Afirka. Wani binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2018 ya sake nuna arewacin Mali, ko da yake akwai masanan da ke ganin an yi aikin ne a wurare da dama a hankali.

Matafiya ma sun bar shaida. Ibn Battuta, wanda ya ziyarci daular Mali a 1352 zuwa 1353, ya ambaci shinkafa cikin abincin ƙasar. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya kammala littafinsa a 1526, kuma ya lissafa shinkafa cikin albarkatun Kano da Zamfara. Mafi rinjayen ra'ayi shi ne a wancan lokaci shinkafar Asiya ba ta yi nisa daga gaɓar teku ba. Ke nan shinkafar da kakanninmu suka ci a ƙasar Hausa, musamman a fadamun gulbin Rima da na Sakkwato, jar shinkafar Afirka ce.

YADDA TAKE DANNE CIYAWA

Faɗan shinkafa da ciyawa faɗa ne a kan abu uku: hasken rana, ruwa, da abincin ƙasa. Makonni shidan farko su ne ke yanke hukunci. Wanda ya riga ɗan'uwansa rufe ƙasa shi ne ke cin nasara, domin ƙwayar ciyawar da ba ta ga haske ba takan ƙi tsirowa, wadda ta tsiro kuma a inuwa takan yi laushi ta ƙanjame.

Shinkafar Afirka tana shiga wannan faɗa da makamai huɗu. Tana tsirowa da kuzari, ta miƙe da wuri. Tana yin 'ya'ya da yawa daga gindi guda, ta cike gibin da ke tsakanin shuka da shuka. Ganyenta marar kauri ne mai faɗi, don haka da ɗan abinci kaɗan take shimfiɗa inuwa mai yawa. Sannan ganyen ba ya tsayawa cak, yakan sunkuyo ya lulluɓe ƙasa kamar an yi mata rumfa. Idan ta kai wata guda da rabi, mai kallo daga bakin gona da wuya ya hangi ƙasa.

A fadamu masu zurfin ruwa kuma akwai wata dabarar. Manomi yakan watsa iri da ruwan farko, shinkafa ta kafu kafin kogi ya kawo. Idan ambaliya ta iso, ciyayin tudu sai su nutse su ruɓe, ita kuwa shinkafar sai ta riƙa ƙara tsawo tana bin ruwa, ganyenta na yawo a sama, har ta kai tsawon da ya wuce na mutum. Abin da ke tsira tare da ita shi ne ciyayin ruwa, da kuma 'yan'uwanta na daji, waɗanda suka fi kowa wuyar cirewa saboda kafin su fitar da kai ba a cika bambance su da ita ba.

Wannan baiwa ba daga sama ta faɗo ba. Manomin da ba shi da maganin feshi, ba shi da takin zamani, sai ƙarfin iyalinsa, kowace shekara yakan ajiye iri daga abin da ya tsira. Abin da ke tsira a gonar da ba a samu yi mata noma a kan kari ba kuwa shi ne mai iya faɗa da ciyawa. Haka aka yi ta tacewa shekara bayan shekara, har halin ya zauna a jikin irin.

ZUWAN BAƘUWA

Jar shinkafar tana da nata raunin, kuma ba ƙarami ba ne. Zangarniyarta ba ta da rassa da yawa, don haka ƙwayarta ba ta kai ta Asiya yawa ba. Idan ta nuna, ƙwayar takan zube ƙasa kafin a gama yanka. Karanta yakan kwanta idan iska ta buga ko taki ya yi yawa. Idan kuma aka kai ta injin gyara, takan kakkarye.

Daga ƙarni na 16, jiragen ruwan Fotugal suka fara kawo shinkafar Asiya gaɓar Afirka ta Yamma. Manoma suka karɓe ta, suka jarraba ta, suka zaɓi abin da ya dace da ƙasarsu. Daga wannan zaɓe ne aka samu tsofaffin ire-iren tudu masu tsawo irin su Moroberekan na yankin Gini da Kodebuwa. Ƙarnuka da dama jinsunan biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci a gona guda. Zamanin mulkin mallaka ne ya karkatar da ma'auni, domin ma'aikatun gona na Turawa sun fi son farar shinkafa mai yawan ƙwaya da ke jure inji, kuma ita suka riƙa rabawa.

Babban sauyi ya zo a 1966, lokacin da Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya, wadda aka kafa a 1960 a Los Baños ta ƙasar Filifin, ta fitar da irin da ake kira IR8. An haɗa wata doguwar shinkafar Indonesiya mai suna Peta da wata gajeriya daga Taiwan. Sakamakon shi ne shinkafa gajeriya, mai ƙarfin kara, mai ganye a tsaye. Tana shan taki ba ta kwanciya, kuma saboda ganyenta a tsaye yake, haske na ratsawa har ganyen ƙasa, ƙwaya ta yi yawa. Ta ceci miliyoyin mutane daga yunwa a Asiya, wannan ba abin musu ba ne.

Sai dai taura biyu ba ta taunuwa. Hasken da ke ratsa ganye shi ne kuma ke isa ga ciyawa. Gajartar da ta hana ta kwanciya ita ce ke ba ciyawa damar haye ta. A Asiya wannan bai zama babbar matsala ba, saboda a filayen ban-ruwa ana dasa shinkafa ne bayan ta yi makonni a wurin raino, cikin ruwan da ke kwance, ruwan kuma shi ke hana yawancin ciyayi tsirowa. Abin da ya rage sai maganin feshi ya ƙarasa. Wato an cire aikin danne ciyawa daga jikin shuka, an ɗora shi a kan ruwa da magani.

A nahiyarmu kuwa, yawancin shinkafa a tudu ake noma ta, ko a fadamar da ruwan sama kaɗai ke iko da ita. Da can, hutar da gona na shekaru masu yawa yana kashe irin ciyawa. Da jama'a ta ƙaru, hutun ya gajarce, tofa da aya-aya da wuta-wuta suka samu gindin zama. A nan Gana, shirin ciyar da kai na gwamnatin Acheampong da aka fara a 1972 ya buɗe manyan gonakin shinkafa a kwarurukan arewa irin su Nasia da Fumbisi, da tarakta da injin girbi. Inji kuwa ba ya son shinkafar da ke kwanciya ko zubewa. A kowane mataki, abin da aka duba shi ne buhu nawa eka ta bayar. Kwana nawa aka yi a duƙe, da wanda ya duƙa, wannan bai cika shiga lissafi ba, kuma a wurare da yawa mata da yara ne ke wannan duƙawa.

KOMAWA GA TSOHUWAR ZUMA

A 1971 ƙasashen Afirka ta Yamma suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman shinkafa da aka sani da WARDA, mai hedikwata a Monrovia ta Laberiya. A ƙarshen shekarun 1980 ta koma Mbe, kusa da Buwake a Kodebuwa. A can ne masana suka auna abin da manoma suka daɗe da sani. A wani gwaji da aka wallafa a 1998, an jera iri uku a gona mai ciyawa: jar shinkafar Afirka mai lamba IG10, da Moroberekan, da wani ingantaccen irin zamani mai suna IDSA6. IG10 ta fi sauran yawan 'ya'ya da faɗin ganye, kuma ciyawar da aka tarar a ƙarƙashinta ta fi ƙaranci. Irin waɗannan gwaje-gwaje ne kuma suka koya wa masana bambance hali biyu: akwai irin da ke danne ciyawa ya hana ta girma, akwai wanda ke jure zama da ita ya ba da ƙwaya duk da haka. Na farko ya fi amfani a tsawon lokaci, domin ciyawar da aka danne ba ta zubar da iri mai yawa don baɗi.

Tambayar da ta biyo baya ita ce: ko za a iya haɗa kuzarin ta Afirka da yawan ƙwayar ta Asiya a shuka guda? An sha gwadawa, amma 'ya'yan da ake samu kusan dukkansu ba sa yin ƙwaya, kamar yadda alfadari ba ya haihuwa. Wanda ya jagoranci warware wannan ƙulli shi ne Dakta Monty Jones, ɗan ƙasar Saliyo, wanda ya kama aiki a Mbe a 1991. Shi da abokan aikinsa sun haɗa jar shinkafa mai lamba CG14 da wata ta Asiya mai lamba WAB56-104, suka sake mayar da 'ya'yan ga uwar Asiya har sau biyu, suka kuma yi amfani da dabarun ɗakin gwaji wajen raya ƙwayoyin da da sun mutu. A 1994 suka samu layukan da ke haihuwa. Aka raɗa musu suna NERICA, wato sabuwar shinkafa don Afirka. Burin shi ne shuka mai sunkuyayyen ganye a ƙuruciya don ta rufe ƙasa, mai miƙaƙƙen ganye idan ta girma don ta cika zangarniya.

An fara sakin NERICA 1 da NERICA 2 ga manoman Kodebuwa a 2000. Zuwa 2005 ire-iren tudu sun kai 18, daga baya Dakta Moussa Sié na Burkina Faso ya jagoranci fitar da na fadama guda 60. A Najeriya NERICA 1 ita ce FARO 55, NERICA 2 kuma FARO 56. A 2004 Monty Jones ya karɓi babbar kyautar abinci ta duniya tare da Yuan Longping na ƙasar Sin. Ya rasu a 2024.

ABIN DA GONA TA NUNA

NERICA ta kawo alheri na zahiri. Tana nuna cikin kwana 90 zuwa 100, alhali tsofaffin ire-iren tudu kan ɗauki kwana 120 ko fiye. Wannan yana rage tsawon lokacin da za a yi ana faɗa da ciyawa, yana kuma kawo abinci a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wasu daga cikinsu suna da juriya ga wuta-wuta, ciyawar da ke manne wa saiwa tana tsotse shuka.

Amma a kan danne ciyawa, gwaje-gwajen da masanan cibiyar da kansu suka wallafa tsakanin 2009 da 2012 sun nuna cewa NERICA ta tudu ba ta kai uwarta CG14 ba, kuma da yawa daga cikinsu sun fi kama da uwarsu ta Asiya. Lissafi ma ya nuna dalili. Ɗan farko rabi da rabi ne. Da aka mayar da shi ga ta Asiya sau ɗaya, ya zama kashi 3 cikin 4. Da aka sake, ya zama kashi 7 cikin 8. Kashi ɗaya cikin takwas ne kawai ya rage na Afirka, alhali kuzarin farko ba ƙwayar gado ɗaya ce ke riƙe da shi ba, halaye ne da yawa a haɗe. Gwaje-gwajen sun kuma gano wasu ire-iren tudu na Asiya masu kuzari da ke danne ciyawa sosai. Ke nan baiwar ba ta wata nahiya ba ce ita kaɗai, ta duk irin da aka tace shi a gonar talaka ce.

Akwai kuma wata hanyar da ba a gani da ido. A shekarun 1980, a jihar Arkansas ta Amurka, wani masani mai suna Robert Dilday ya lura cewa gindin wasu ire-iren shinkafa yakan kasance fes, babu wata ciyawar ruwa da ta addabi gonakin yankin. Bincike ya nuna cewa saiwar wasu ire-ire tana fitar da sinadaran da ke hana ciyawa girma, daga cikinsu akwai momilakton, wanda masanan Japan suka fara ganowa a ɓuntun shinkafa a 1973. Ƙarfin wannan hali ya bambanta daga iri zuwa iri, kuma shi kaɗai ba ya maye gurbin fartanya.

ABIN DA YA RAGE A HANNUNMU

Jar shinkafar ba ta ɓace ba, amma gonarta ta tsuke. Ana samunta a fadamar Mali, da gaɓar Kwara a Nijar, da fadamun Kabi da Sakkwato, da Gini da Saliyo. Mutanen Jola na Kasamas a Senegal suna riƙe da ita don bukukuwansu na gargajiya. A nan Gana, mutanen Avatime na tsaunukan yankin Volta suna da bikin shekara na shinkafarsu, wanda suke kira Amu. Wani bincike na 2009 ya gano cewa a gonakin manoman Saliyo da Gini Bisau da maƙwabtansu akwai ire-iren da suka samu daga cuɗanyar jinsunan biyu, waɗanda manoman suka zaɓa suka raya da kansu, ba tare da ɗakin gwaji ba. Cibiyar WARDA, wadda yaƙin basasar 2002 ya kora daga Buwake, ta sauya suna zuwa AfricaRice a 2009, kuma a yau rumbunta na Mbe yana ajiye da samfurin iri fiye da 20,000.

Ajiya a ɗakin sanyi tana da kyau, amma iri a gona yake ci gaba da koyon ƙasa. Buƙatarsa kuma tana ƙaruwa. Matasa suna barin ƙauye, gayya ta yi ƙaranci, kuɗin ƙwadago ya hau, maganin feshi da kuɗin waje ake sayo shi. A ƙasashe da dama an riga an samu ciyayin da maganin da aka saba fesa musu ya daina kashewa. Ga manomin da ke da ban-ruwa da jari, gajeren iri mai yawan ƙwaya shi ne daidai. Ga wanda ba shi da su, irin da ke rage masa noma ɗaya a damina yana iya fin wanda ya yi alkawarin buhuna da yawa amma ciyawa ta cinye rabinsu. Tambayar da ta dace a yi wa mai sayar da iri ba ta tsaya ga buhu nawa ba. Sai a ƙara da: a wata guda da rabi, yana rufe ƙasa?

Mu 'yan zango yawancinmu ba manoman shinkafa ba ne, amma muna tsaye a inda ake yanke wa iri hukunci, wato kasuwa. Iyayenmu mata ne ke dafa waakye da tuwon shinkafa don sayarwa, 'yan'uwanmu ne ke dillancin hatsi tsakanin arewa da kudu. Manomi ba ya shuka abin da ba a tambaya. Duk mudun jar shinkafar gida da aka saya, dalili ne ga wani manomi ya sake ajiye irinta.

Waɗanda ke da dattawa a gida, musamman waɗanda suka taso a Kabi, ko Gaya, ko kwarurukan arewacin Gana, su tambaye su sunayen tsofaffin ire-iren shinkafar da suka sani, da irin ƙasar da kowanne ke so, da noma nawa ake yi masa kafin ya rufe. A rubuta, a ajiye. Masana sun ɗauki shekaru suna auna abin da waɗannan dattawa ke iya faɗa a zama guda.